Gadon Tiyatar da Innarku Ta Ƙi Hawa

Duk abin da na rubuta a baya, na zamanin da nake karen mota, da na tuƙin hanyar Kibiya zuwa Kano, da yadda na gina gidan nan ɗaki bayan ɗaki, hira ce kawai, kun sha jin ta a bakina har kun gaji. Wannan babin shi ne dalilin da ya zaunar da ni rubutu. Binta da Kabiru da ƙannenku, ku karanta shi a zaune, kuma kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe. Da kai nake, Kabiru, don na san layi biyu za ka karanta ka hau sama. Halina ka ɗauko, ban musa ba.

Abin da kuka riƙe shi ne ni na hana a yi wa Innarku aiki a shekarar da ta karye, na ɗauko ta daga asibiti da ƙarfin tsiya, na kawo ta gida ta ƙare a kan katifa. Haka mutanen gari ma suka riƙe. Har yau a tasha akwai masu cewa tsoron asibiti ne ya sa Alhaji Sale ya rasa matarsa. Bakina ne ya ce na hana, wannan gaskiya ne, kun ji da kunnenku. Abin da ya faru kafin bakin nawa ya buɗe shi ne ba ku sani ba.

Sai na fara tuna muku wace ce uwarku. Kakarta ce ta rene ta a wata ruga bayan Durba, ta ɗura mata kunya har ta fi ƙarfinta. Duk zaman da muka yi, ban taɓa ganin ta kai loma baki ina kallonta ba, sai ta juya gefe. Binta, ke ce 'yar fari, kin san ba ta taɓa kama sunanki ba, “yarinyar nan” kike tun kina goye har kika haifi naki. Da kika auri Nasiru shi ma ya rasa suna, ya koma “ɗan Dawaki”, don can ne garinsu a ƙasar Rano. In ya yi sallama a zaure sai ta jawo mayafi ta shige ƙuryar ɗaki, ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa ya gai da labule, labule ya amsa masa. Ni kuma in tsaya a tsakar gida ina ce mata ta fito yaron ya gan ta, kada ya zaci mun sayar da ita.

“Kai dai, Alhaji, tasha ta lalata ka,” haka take ce mini in ya tafi.

Nasiru kuwa kun san aikinsa, ma'aikacin jinya ne a ɗakin tiyatar ƙashi na wani babban asibiti a Kano. Muna alfahari da shi ƙwarai. Duk wanda ya karye tsakanin Rano da Kibiya, ƙofarmu ake bugawa a nemi lambarsa, kuma ban taɓa jin ya juya wa kowa baya ba.

A tsakiyar damina ne uwarku ta faɗi. Gansakuka ta kama simintin bakin rariya, ta ɗebo ruwan alwala ta taka, shi ke nan. Ina tasha aka kira ni, don lokacin na ajiye tuƙi, sai zaman benci da sa wa direbobi baki a abin da ba ruwana. Na tarar da ita zaune ta jingina da bango, ta riga ta ja zaninta ta rufe har idon sawu, ba kuka ba ihu, sai gumi. Tafin ƙafarta ta dama ya kwanta waje kamar ba a jikinta yake ba. Ta ce mini targaɗe ne, in kawo man zafi. Na ga karaya iri-iri a kan titi, na san wannan ba aikin man zafi ba ne. A asibitin kusa da mu aka ɗauki hoton ƙashin, aka ce mu wuce Kano, muka wuce, Nasiru ya tarye mu a bakin ƙofa.

Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ƙashin cinya ne ya karye can sama, daf da inda yake shiga ƙugu, wurin da ba a iya naɗewa ba a iya ɗaurewa. Ya ce sai an sa ƙarfe a cikin ƙashin an kama shi da kusoshi, kuma mun zo a sa'a, don suna da gado na musamman da ake irin wannan aiki a kansa. Ya ce in Allah ya yarda, ba za a daɗe ba za ta miƙe tsaye. Na fito ina hamdala. Kai Kabiru ka shiga ka fita ka shirya komai, har jini ka bayar, aka sa ranar aiki.

A gadon da ke kusa da nata akwai wata 'yar birni, mai sayar da abinci, bakinta kamar rediyon da aka manta a kunne. Irin karayar uwarku gare ta, an yi mata aiki ba da daɗewa ba, ga ta har ta fara takawa tana dafa wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Wata rana bayan la'asar, lokacin da ake barin masu dubiya su shiga, ina zaune ina ɓare wa uwarku lemo, matar nan ta ga damuwa a fuskar uwarku, sai ta ce bari ta kwantar mata da hankali. Da kyakkyawar niyya ta yi, ban taɓa riƙe ta a zuciya ba.

“Ke Hajiya, kar ki ji komai, wallahi ba zafi. Allura za su yi miki a gadon baya, daga cibiya zuwa ƙasa ki ji kamar ba naki ba, amma idonki biyu, kina jin hirarsu. Gadon ne dai abin dariya, guntu ne, iyakarsa ƙugu. Sai su zura miki ƙafafu cikin wasu takalma su ɗaure tamau, su kafa wani abu kamar guntun taɓarya a tsakanin cinyoyinki don kar ki zame, su ware ƙafar mai lafiya su ɗage ta can gefe, sannan su dinga murɗa wani ƙarfe suna jan mai ciwon.”

Uwarku ta ce, da ƙyar nake jin muryarta, “Zani fa?”

“Wane zani ana zaune ƙalau? Sai sun gama saita ki tsaf sannan su lulluɓe. Amma akwai wani yaro mai kirki, Nasiru, dogo haka mai saje, ɗan wajen Rano. Shi ne mai saita mutum. Shi ya ɗaure min ƙafa, shi ya gyara min abin nan na tsakani, yana ta sannu Mama, sannu Mama. Allah dai ya yi masa albarka.”

Uwarku ta juya fuskarta bango. Lemon da na ɓare, matar nan na miƙa wa.

Na ce a raina gani ya kori ji, na je na sami Nasiru na ce ina son in ga gadon nan. Bai tambaye ni dalili ba. Da aka tashi aiki ana wanke ɗakin, ya kai ni bakin ƙofa na leƙa. Ba zan ɓoye muku ba, a matsayina na wanda ya tsufa cikin ƙarafa, abin ya burge ni. Daga kai zuwa ƙugu gado ne sosai, daga nan sai wasu dogayen hannuwan ƙarfe biyu, kowanne da takalmi a ƙarshensa da abin murɗawa irin na jak ɗin ɗaga mota. Ƙasansa fili ne fetal, don na'urar ɗaukar hoto ta shiga ta fita suna kallon ƙashin yayin da suke aiki. Sandar nan ta tsakiya ma na gan ta, an naɗe ta da katifa da fata. Nasiru ya ce mini naman cinya ƙarfi gare shi, in ƙashi ya karye sai ya janye bakin karayar su wuce juna, dole a ja ƙafar a hankali har su haɗu, a kuma riƙe ta haka ba motsi har a gama sa ƙarfen. Sandar ita ke tokare mutum don kada jan ya tafi da shi gaba ɗaya. Na gane sarai. Wanda ya taɓa ɗaga mota ya san ba a shiga ƙarƙashinta a ce ƙato ya riƙe da hannu. Ba mugunta a gadon nan ko kaɗan, hikima ce. Na daɗe ina kame-kame, sannan na ce masa, “Ranar aikin, kana ciki?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “A'a, Baba. Na riga na ce a sa wani. Ko asibitin ba zan shigo ba ranar.”

Na koma wurin uwarku da saurina, ina ganin na kawo magani. Na jira matar nan ta fita gwajin tafiyarta, na rage murya na gaya mata ɗan Dawaki ba ya ciki.

“Wa ke ciki?”

Na ce abokan aikinsa.

“Waɗanda suka zo ɗaurin aure? Waɗanda nake aika wa waina da Sallah? Ɗazu wani mai gilashi ya durƙusa nan ya ce Inna ina wuni. Su gama ganina, su fita su sa hannu a kwano ɗaya da shi?”

Na ce za a nemi mata su saita ta, likitan ya yarda, maza ba za su shigo ba sai an rufe abin da za a iya rufewa. Na ce in tana so za a sa ta barci gaba ɗaya, ba za ta san an yi ba.

“In na yi barci, idonsu ma barci zai yi?”

Raina ya ɓaci. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, a ƙasa-ƙasa, don ɗakin cike yake. Na ce malamai sun yi bayani, lalura ce, ba zunubi a ciki, in tana so in kira limaminmu a waya ta ji da kunnenta. Ta ce ta sani, ita ba ta ce haramun ba ne, ita ce dai ba za ta iya ba. Na fita na bar ta. Washegari ban gaya wa kowa ba na zaga wani asibitin inda ba wanda ya san mu. Suka ce nasu gadon ya lalace ana jiran kayan gyara, amma suna yi a gado na kullum, su sa ƙarti biyu su ja ƙafar da hannu, wani ya riƙe mutum ta hammata. Na zo na gaya mata wannan ma, don kada ta ce ban nema ba. Sai hawaye suka zubo mata, kuma shi ne karon farko da na ga ta yi kuka tun faɗuwarta.

Ana gobe aiki, da rana tsaka, ta ce in matso.

“Alhaji, ka ce kai ka hana.”

Na ce ban gane ba.

“In na ce ni ce, za su tambayi dalili. In na faɗa, yarinyar nan da wane ido za ta kalli mijinta? Shi kuma ya zauna yana cewa aikinsa ne ya gurgunta ni. Kabiru ma ba zai saurare ni ba, cewa zai yi tsufa ne, su yi min allura su tura ni. Kai kuwa in ka ce a'a, a'a ce. Tun da na shigo gidanka ban taɓa roƙonka ko ɗan kunne ba. Yau na roƙe ka, ka rufa min asiri.”

Na fita na zauna a gindin wata darbejiya a harabar asibitin. Kada ku zaci ban san abin da ke gaba ba, na ga tsofaffi da yawa da karayar ƙugu ta kwantar, na san inda kwanciyar take kai su. Sai dai na san matar da na aura. Na ga in na sa hannu aka tura ta da ƙarfi, wataƙila ta tashi a kan ƙafafunta, amma ba za ta ƙara ɗaga ido ta kalli wani a cikinmu ba, ni kuma ba za ta ƙara yarda da ni ba har abada. Na auna ƙafarta da ita kanta, na zaɓi ita. Har yau ban san ko ma'aunin nawa daidai ne ba. Abin da na sani, na ji tsoro a ranar irin wanda ban taɓa ji ba ko a lokacin da birki ya tsinke mini da fasinja cike da mota.

Sauran kun gani. Na tara ku a barandar ɗakin na ce ba za a yanka mini mata ba, gida za mu, akwai maɗori. Na yi magana irin ta baƙauyen da bai san komai ba, na ɗaga murya don kada a ja ni da hujja, don ba ni da ita. Binta kika durƙusa kika riƙe ƙafata. Likitan ya fito ya ce mini, “Alhaji, tsoho in ya kwanta da irin wannan karaya, ba karayar ce ke kashe shi ba, kwanciyar ce.” Na ce masa rai na Allah ne. Kabiru ka ce, a gaban jama'a, da ka san haka ubanka yake da ba ka bari an sa sunana a takardar asibiti ba. Nasiru kaɗai ne bai ja da ni ba. Ya kalle ni sau ɗaya, ya je ya nemo matasai ya shimfiɗa a bayan mota, ya nuna mini yadda za a tokare ƙafar don kada gargadar hanya ta wahalar da ita.

Maɗorin da na ɗauko daga Durba dattijo ne mai gaskiya. Ya taɓa wurin ta saman zani, ya ja ni zaure ya ce, “Alhaji, nan ba wurin ɗori da kara ba ne. Zan yi abin da na iya don kada a ce ban yi ba, amma ka mayar da ita inda ka ɗauko ta.” Na ce ya yi abin da ya iya ɗin. Ya yi tofi, ya shafa magani, ya ɗaure, ya tafi yana girgiza kai.

Ta kwanta. Aka yanke gero, aka yanke dawa, aka shanya tattasai, tana nan inda na ajiye ta. Ƙafar ta gajarce ta ƙara kwantawa waje. Ba ta yarda kowa ya taɓa jikinta sai ni. Binta kin zo kin yi makonni, iyakarki girki da wanki, in za a gyara ta sai ta ce yarinyar nan ta fita, kika riƙa ganin ni ne nake raba ku. Ni da ban taɓa wanke ko kofin shayina ba, na koyi ɗaga mutum, da sa fo, da wanka da tsumma, da taje gashi. Wani lokaci har dariya muke yi. In na juya ta ba daidai ba sai ta ce ashe haka nake loda buhunan mutane, shi ya sa 'yan kasuwar Kibiya suke kuka da ni. Kabiru ka zo da mota sau biyu za ka ɗauke ta, na tsaya a bakin zaure na ce sai dai ka bi ta kaina. Ba ka san tana jin mu daga ɗaki ba, tana tsoron kada in gaza. Daga nan gaisuwarka ta koma ta waya, ta wayar ma ta koma saƙo a bakin ƙannenka. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da bazara ta shigo, zafi ya buɗe mana wani aikin. Bayanta, daidai inda ƙashi ke danne katifa, ya yi ja, ya yi baƙi, ya fashe. Na wanke da ruwan gishiri, na sa zuma, na sa duk abin da aka ce in sa, gyambon sai ci yake yana zurfi. Turaren wuta ya kasa rufe warin. Bayana ni ma ya riƙe, na kai ba na iya juya ta yadda ya kamata. Ranar da na buɗe na hango fari a can ciki, na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro. Zazzaɓi ya rufe ta, ta yi kwanaki ba ta san wanda ke kanta ba. Binta, a nan ne kika kira mijinki, ba ki nemi izinina ba, kuma kin yi daidai. Sai dai kafin ya iso daga Kano da jakarsa, zazzaɓin ya sauka, hankalinta ya dawo tas.

Ya yi sallama ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba. Na fita na ce masa ko zai nuna mini in yi da kaina. Ya ce, “Baba, akwai ruɓaɓɓen nama da sai an yanke. In ba a cire yau ba, zai shiga jini.” Na koma na gaya mata. Ta jawo mayafinta ta rufe fuska.

Ya shigo kansa a ƙasa ya ce, “Inna, ki yafe ni.”

Ni da shi muka juya ta. Ni na ɗage zanin da hannuna. Ya yi aikinsa a hankali, ya daɗe, yana yanka yana wankewa yana cusa auduga, ba allurar barci, ba labule, ba komai. Ba ta yi ko tari ba. Ina riƙe da kafaɗarta, mayafin ya jiƙe ya manne mata a fuska. Da ya gama ya tattara kayansa ya fita da baya.

“Ya tafi?”

Na ce ya tafi.

“An gudu ba a tsira ba, Alhaji.” Can ta ce, “To ka kai ni. Yanzu me ya rage? Ka kai ni gadon nasu.”

Muka koma Kano. Ku kuka ɗauka ni ne na yi nadama na sauko, Kabiru har ka ce sai yanzu. Likitan nan dai shi ne, ya duba gyambon, ya sa aka auna jini, aka sake ɗaukar hoto, ya saurari ƙirjinta. Ya ja ni gefe, bai yi mini gori ba, Allah ya saka masa. Ya ce ba a sa ƙarfe a jikin da ke da ruwan miki, ƙarfen ma ruɓar da wurin zai yi. Jininta ya yi ƙasa, ƙirjin ba daɗi, bakin ƙashin kuma ya zaizaye. Ya ce gadon yana nan, ranar ma ba kowa a kansa, ita ce ba za ta iya ɗaukar aikin ba. Ya ce mu je a ci gaba da wanke gyambon, in ya warke a dawo. Na kalli fuskarsa na san abin da bai faɗa ba.

A hanyar dawowa, mun wuce Rano kaɗan, ta ce a sauke mata gilashi ta sha iska. Ana ta sharar gona, an tara kara ana ƙonawa.

“Sun ce yaushe?”

Na ce in gyambon ya warke.

“To, Allah ya sa ya warke da wuri.”

Wannan ne abin da ya fi komai karya mini zuciya, kuma ba wanda ya gan shi sai ni. Matar da ta ƙi gadon nan lokacin da yake jiranta, ita ce ta koma jiransa. Ta fara cin abinci da ƙoƙari, ko ba ta so, wai don jini ya hau. Nasiru yana zuwa daga Kano bayan ya tashi aiki, ya wanke ya koma, bai taɓa fashi ba. Duk zuwan da zai yi sai ta rufe fuska, in ya fita ta ce, “Tambayi ɗan Dawaki, ya fara haɗewa?” In fita in tambaye shi, ya kalli ƙasa, in dawo in ce mata ya ce da sauƙi. Har tana lissafin in ta tashi za ta je Durba ta ga danginta, ta ce in nemo mata irin ƙarfen nan mai ƙafa huɗu tun yanzu, kada a zo ana nema.

Da ta ga jikin yana tafiya, wata safiya ta ce in gaya wa yaran nan ita ce ta ƙi aikin, kada in tafi da kayan da ba nawa ba. Na ce ta bari ta warke ta faɗa da bakinta. Ban faɗa ba ko bayan ranta, kuma ga dalili. Yaron da ya yi ta zarya yana wanke mikin surukarsa da hannunsa, ba zan saka masa da cewa saboda shi ta ƙi aiki ba. Ban taɓa tambayarsa ko ya gane ba, shi ma bai taɓa tambayata ba, amma shi kaɗai ne a cikinku bai canja mini fuska ba. Bara Allah ya karɓi ran Nasiru, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Binta, ki yi haƙuri da abin da kika karanta, mijinki ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Uwarki ma ban ce tana da shi ba. Haka aka gina ta, ni kuma haka na same ta na so ta.

Ta rasu da ruwan farko, da hantsi, kaina na kusa da nata. Aka yi mata sutura, aka sallace ta a ƙofar gida, muka ɗauka zuwa maƙabarta. Da aka ajiye makara a bakin kabari na tuɓe takalmina, na naɗe hannun riga zan sauka in karɓe ta. Sai na ji hannu a ƙirjina. Kai ne, Kabiru. Ba ka ɗaga murya ba, ba na jin wani ya ji in ba ni ba.

“Baba, ka bari. Ka yi naka.”

Na ja da baya. Kai da Nasiru kuka sauka, jama'a suka matso suka rufe, ni ina tsaye a baya da takalmi a hannu kamar maƙwabcin da ya zo taya jimami. Ban ga saukarta ba, bayan rigunan mutane kawai na gani. Ba ina neman ka ba ni haƙuri ba ne, abin da ka sani ka yi aiki da shi, ni ne na ba ka shi. So nake dai ka sani, ta ce in hana na hana, ta ce in kai ta na kai ta. Wurin nan kaɗai ne na so in raka ta don kaina, shi ne ba a bar ni ba.